Na Ci San Huɗar Yayan Matata a Dara, Ya Ƙi Karɓar Abinsa

Daga akwatin saƙo. Mai saƙon ya roƙi a sakaya sunansa, mun sakaya. A ba shi shawara cikin mutunci, banda zagi.

Assalamu alaikum admin da duk 'yan wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni ba gwanin danna waya ba ne, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa. Ni magidanci ne, shekarata arba'in da shida, mata ɗaya 'ya'ya shida, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Sandamu da ba zan faɗi sunansa ba. Sana'ata hatsi, in saya a ƙauyuka in ɗora a mashin in kai Daura, ranar Lahadi kuma in leƙa Mai'adua. Yanzu haka da nake rubutun nan akwai wani jan sa ɗaure a turken gidana yana cin harawata, ba saya na yi ba, ba gado na ci ba, ba kuma kyauta aka ba ni ba. A dara na ci shi, a hannun yayan matata. Na yi na yi in mayar masa ya ƙi karɓa, kuma aurena na neman mutuwa a kan san nan.

Na san da yawanku 'yan birni ne, lido da karta kuka sani, su ma a waya, to bari in ɗan yi bayani don shi ne tushen maganar. Dara a ƙasa ake yin ta, a tona gurbi talatin a cikin rairayi, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ɗaya ya riƙe 'yan guntayen itace ɗaya ya riƙe tsakuwa. Ku jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa, duk wanda ya haɗa uku a layi sai ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda, a haka har a cinye mutum. Babu ɗan lido da za a jefa ya ba ka shida ko ya hana ka, babu kati a kife da ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Komai a fili yake, abin da kake gani shi abokinka ke gani, bambancin kawai wa ya fi hangen nesa. Ku riƙe wannan, don a kansa mutanen garinmu suka ba ni fatawa ranar da abin ya faru, kuma su ɗin ne suka juya mini baya washegari.

Ni a hannun kakana na koya, can wajen Dutsi inda na tashi. Tsoho ne mai zafi, in ka yi turin banza sai ya buge maka hannu da sandarsa ya ce sake kallo. An ce yabon kai jahilci, amma tunda suna a ɓoye yake bari in faɗa, kafin in kai shekara ashirin babu wanda ke son zama gabana sau biyu a garinmu.

Shekara goma sha tara da suka wuce na zo garin nan neman aure. Mahaifin yarinyar ya rasu, yayanta shi ne uba shi ne waliyyi, zan kira shi Yaya Habu, ba sunansa ba ne. Ranar da na fara zuwa gaishe shi na same shi a gindin tsamiyar ƙofar gidansu ana dara. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wai ya ji ana cewa mutanen Dutsi sun iya, in zauna ya gani. Tun kafin mu gama jera 'ya'ya na gane Yaya bai iya ba, irin masu wasan nan ne da ba sa hangen abin da ya wuce turi ɗaya, ga saurin hannu ga surutu. To ku gaya mini, wane mai neman aure ne zai lallasa wanda zai ba shi mata, a ƙofar gidansa, a gaban ƙannensa da maƙwabtansa? Na yi masa kara, na buɗe masa hanya ya ci. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce yaron yana da ladabi amma da sauransa a wasa. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, daga baya harkar hatsi ta sa na dawo garin da zama gaba ɗaya, gidana da nasa ba nisa.

Na ɗauka abin na rana ɗaya ne, ashe aiki na ɗaukar wa kaina wanda babu ritaya. Da rani kusan kullum bayan la'asar muna gindin tsamiyar nan. In muka yi goma sai in ba shi bakwai in ɗauki uku, don kada a gane. Kuma wallahi faɗuwa da gangan ta fi ci wuya, sai ka nemo kuskuren da zai yi kama da na gaske, ka dafe kai, ka yi tsaki, wani lokacin in buɗe masa hanya sau biyu bai gani ba, sai in tsaya ina kallon wajen har idonsa ya kai. Ba shi kaɗai ba, sauran 'yan majalisar ma dole in riƙa sassauta musu, don in na cinye wanda ya cinye Yaya asiri ya tonu. Haka na mayar da kaina ɗan koyo da furfurata a garin da babu wanda zai iya riƙe mini tsakuwa.

Za ku ce me ya hana in daina. Kunya ce ta farko, yayan mata ba abokin wasa ba ne, in ƙaninta ne ka tsokane shi ya tsokane ka, amma yayanta kamar uba yake. Ta biyu kuma tausayi. Yaya mutum ne da duniya ba ta yi wa daɗi ba, ya yi fataucin awaki ya karye, ya tafi kudu neman kuɗi ya dawo da ciwon ƙafa, abin da ya rage masa gonar gado da shanun huɗa guda biyu, fari da ja. Da damina ya yi wa mutane huɗa da su, da rani ya ɗaura musu amalanke, da haka yake riƙe gida mai baki goma sha ɗaya har da tsohuwarsu. Sai kuma dara. A nan kaɗai yake zama ya miƙe ƙafa ana ce masa sarkin dara yana gyara hula. Ni na naɗa shi sarautar, shi bai sani ba.

Abin da na samu a madadin haka shi ne raini. Duk abin da Allah ya ba ni, a bakin Yaya sa'a ce. Na sayi wake na ajiye ya yi daraja, sa'a. Na canza mashin, sa'a. Ban taɓa jin ya ce yaron nan yana tashi tun asuba, ko yana shan rana a hanya ba. In na ci wasa ɗaya cikin ukun da nake ɗauka sai ya ce makaho ma yakan taka kuɗi. Ina murmushi ina haɗiyewa, shekara da shekaru, matata in na yi ƙorafi sai ta ce halinsa ne, ka yi haƙuri.

Sati uku da suka wuce aka yi ɗaurin aure a unguwarmu, baƙi suka zo daga cikin Daura, bayan an ci an sha aka zauna gindin tsamiya aka tona gurbi. Na ci Yaya wasa ɗaya, irin wanda na saba. Wani dattijo cikin baƙin, da alama ya san abin, ya ce kai wannan akwai hannu. Maganar ba ta yi wa Yaya daɗi ba. Ya ce hannun me, wai shi tun da ya san ni da sa'a nake rayuwa, ya lissafo wake ya lissafo mashin, sannan ya ce ƙanwarsa ma da ya ba ni ba don na isa ba ne, sa'a na taka, ranar da na zo yana cikin farin ciki ne don ya lallasa ni a dara. Mutane suka kwashe da dariya har da baƙin. Wannan ta ƙarshen ita ta soke ni, don gaskiya ce, sai dai ba ta yadda yake nufi ba. Ban san lokacin da na ce masa, Yaya, sa'a ba ta zuwa sau uku a jere ba. Tun da nake ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar.

Nan take ya ce in na isa in ajiye makullin mashin ɗina, shi ya ajiye jan sansa, wasa uku, wanda ya ci biyu ya kwashe. Na ce a'a wannan ai caca ce. Sai 'yan zuga suka taso. Akwai wani tsohon hedimasta a garinmu da ya yi ritaya, duk maganar da ta taso shi ne alƙalinta, ya gyara tabarau ya ce caca ita ce abin da ya dogara da sa'a, kamar lido da karta da wannan ta ƙwallo da samari ke bugawa a waya, amma dara kaifin ƙwaƙwalwa ce, ɗaya take da kokawa ko tsere, wai ko dokar boko ta raba wasan sa'a da wasan gwaninta. Kowa ya ce ƙwarai kuwa Malam. Wani ya ce ko dai tsoro ne. Ba zan ɗora musu duka ba, ni ba yaro ba ne, fatawar ta zo ne daidai da abin da zuciyata ke so. Na zaro makulli na miƙa wa hedimasta ya riƙe.

Na yi wasa irin wanda kakana ya koya mini. Na farko ko ɗa ɗaya bai ɗauka mini ba. A na biyu masu dariya suka koma gyaran murya. Da wannan magana ta ƙare tunda na ci biyu, amma ya ce a tona na uku, ni kuma ban ce a'a ba. A na ukun ya daina kallon ƙasa ya koma kallon fuskata. Akwai wani waje da na zo, daidai irin inda na saba sakar masa, har hannuna ya tafi can da kansa saboda sabo, na janye shi na tura inda ya kamata, na ci na ukun ma. Tunda shawara nake nema ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, kamar wanda ya sauke buhu bayan tafiyar yini. Bai wuce mini awa ɗaya ba.

Yaya ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Kafin magariba sai ga shi da kansa ya jawo jan san, yana ɗingishi, ya shigo har tsakar gidana ya ɗaure a turke. Matata ta fito tana yi masa sannu da zuwa, ya ce mata ga kayan mijinki nan, ya juya. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakanina da ita, ta ajiye abinci ta ɗauke kwano. Tsohuwarsu ta aiko a gaya mini wai ba ta san ɗan caca ta ba 'yarta ba. Ɗanta da ya fara cewa a ajiye, shi ba ɗan caca ba ne, ni da aka ja ni ne.

Mutanen gari kuwa sai ka rantse ba su ne a gindin tsamiya ba. Waɗanda suka ce ko tsoro ne, yanzu su ke cewa ba ni da kunya, na ci amanar surukuta. Hedimasta da na tare shi ya ce shi bayani ya yi a ilmance, bai ce in karɓi san mutane ba. Na ce to makullin da ka riƙe fa, shi ma a ilmance ka riƙe? Ya ce in yi masa magana da ladabi. Babu mutum ɗaya, ko ɗaya, da ya ce Yaya ma bai kyauta ba da ya ci mini fuska a gaban baƙi.

Kwana biyu da faruwar abin na je wajen limaminmu na kwashe yadda aka yi na gaya masa, banda sirrin shekarun nan. Bai ja ta da nisa ba. Ya ce a wannan wajen babu ruwan shari'a da ko gwaninta ce ko sa'a, tunda kowa ya ajiye nasa, kuma dole ɗaya ya tashi da dukiyar ɗaya ba ciniki ba kyauta, to sunanta caca, ko a dara ko a me. Ya ce da wani na gefe ne ya sa kyauta ya ce wanda ya yi nasara ya ɗauka, da wata magana ce daban. San ba nawa ba ne, in mayar in tuba. Na ce na ji na karɓa.

A hanyar komawa gida ne wani tunani ya zo mini wanda har yau ya hana ni sukuni. Ashe fatawar hedimasta ba wanke ni take yi ba, ƙara dulmiya ni take. Ɗan caca na gaskiya ai shi da abokinsa duk a duhu suke, kowa na iya tashi hannu rabbana. Ni kuwa mashin ɗina bai taɓa shiga haɗari ba ko na minti ɗaya, na san zan ci kamar yadda na san sunana. Shi kuma Yaya ya ajiye sansa ne don ya yarda cikin goma yana cin bakwai, kuma wa ya sa masa wannan yardar? Ni. Ni na haƙa ramin da hannuna shekara goma sha tara, na rufe shi da ciyawa, ranar da ya ɓata mini rai na bar shi ya taka. In sa'a ce ni ɗan caca ne, in gwaninta ce ni macuci ne. Dara ta ci gida ke nan.

Washegari da safe na ja san na kai masa. Ko zaure bai bari na shiga da shi ba. Ya ce shi ba sadaka yake nema ba, abin da dara ta ci dara ce ke dawo da shi, haka ya tarar ana yi. Na ce to ya karɓa aro zuwa kaka, ya ce bai taɓa aron abin da ya yi kiwonsa tun yana maraƙi ba. Na koma na haɗa shi da liman da maigari, ya saurare su tsaf, ya ce ya yarda zunubi ne kuma tsakaninsa da Allah zai tuba, amma sa shi ya kai da hannunsa, duk wanda ya sake dawo masa da shi to a ƙofar gida zai sa wuƙa ya raba wa unguwa naman. Wanda ya san Yaya ya san zai aikata. Tsohuwarsu ma ta yi magana ya ce ta bar maganar maza.

Akwai wani ɗan uwana da ke aikin ofis a Daura ya ɗan san kan shari'a, na kira shi na ce ko akwai yadda hukuma za ta tilasta masa ya karɓi abinsa. Dariya ya yi, ya ce in rufa wa kaina asiri, duk ranar da maganar nan ta je gaban hisba ko alƙali ba za a tambayi wa ya fi iya dara ba, mu biyu 'yan caca ne, har masu shaida sai sun yi bayani. Ku duba mutum mai shekara kusan sittin, mai surukai, a ce an kira shi a kan caca. Kuma maigari ya riga ya ja mini kunne cewa akwai masu son kai maganar gaba, in kashe ta tun tana hannunsa.

Ga damina ta zauna. Wanda bai san shanun huɗa ba zai ce ai saura ɗaya, to ɗaya ba ya jan garma, kuma ba kowane sa ake haɗawa da kowane ba. Waɗannan tare aka hore su, jan a dama farin a hagu. Ya aro na wani ya haɗa da farin, suka yi ta jan juna har suka karya karkiya. Mutanen da yake yi wa huɗa duk shekara sun kama wasu. Shekaranjiya na bi ta gefen gonarsa a kan mashin ɗin nan da ya jawo komai, na hango shi duƙe da garmar hannu, da ƙafar nan tasa, matarsa da 'yan matansa biyu na bin sa a baya. Na rage gudu zan yi sallama, ya juya mini baya. Kullum da safe jan ya yi kuka a gidana, farin ya amsa daga gidansa, duk unguwa na ji.

To yanzu ga inda aka tsaya. Ya aiko mini cewa ranar Juma'a bayan la'asar in same shi a gindin tsamiya, zai ajiye farin in ajiye jan, wanda ya ci ya haɗa biyu. Yana bin gari yana cewa ranar sa'a ce ta faɗo mini, wasu ya ce musu ma wai laya na sa a hula. Har zuciyarsa ya yarda zai ci. In kuma na ƙi zuwa, ya ce ba shi ba gidana, kuma ƙanwarsa kada ta sake taka nasa ko gaisuwar tsohuwa.

Na koma wajen liman, wannan karon na fasa masa ƙwan gaba ɗaya, na ce Malam in na zauna na faɗi da gangan, na san zan faɗi, niyyata in mayar masa da haƙƙinsa ta ƙofar da zai yarda ya karɓa, shi ma caca ne? Ya ce a zuciyarka mayarwa ce, amma a idon jama'a zaman caca ne karo na biyu bayan ka ce ka tuba, shi ma Habu da niyyar caca zai zauna, kuma ni ba zan ce maka je ka yi ba. Ya ce in je in gaya masa gaskiya. Faɗa da baki ba wuya. In je in ce wa mutumin da ya ƙi karɓar sadakar sa guda, Yaya, sarautar darar taka duk sadaka ce, shekara goma sha tara nake ba ka? Mutumin da ke da hawan jini, wanda in ka cire wannan ba shi da abin da zai ɗaga kai da shi a cikin maza? Ko ya ƙaryata ni ya ƙara tsanata, ko ya yarda, kuma yardar ita na fi tsoro.

Faɗuwar ma ba ta da tabbas yanzu. Mutane sun ga hannuna, in na yi kuskuren yara ranar Juma'a akwai wanda zai ce sakar masa aka yi, kunyar ta fi ta farko. Kuma tunda na ce ba zan ɓoye muku komai ba, akwai wani ɓangare na zuciyata da ba ya so. Na san abin da zai biyo baya, zai gyara hula ya ce ban gaya muku sa'a ba ce, kuma zan sha wannan har ɗayanmu ya mutu. Rana ɗaya tak aka san ni a garin nan, ita ma in mayar.

Jiya da safe na samu matata tana ba san ruwa, don ita ke kula da shi, ta san shi tun yana ƙarami a gidansu. Na tsaya a bayanta na gaya mata komai, tun daga ranar farko. Na ɗauka za ta yi mamaki, ko ta ce ƙarya nake. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Na sani." Ta ce babansu shi ne gwanin dara na gaske, kuma ita ya koya wa a tsakar gida don Yaya ba ya tsayawa ya saurara. Ranar da na fara zuwa tana leƙe ta jikin zana, ta ga lokacin da na buɗe masa hanya bai gani ba na sake buɗewa. Ta ce, "Ba Yaya ne ya zaɓe ka ba, ni ce. Na ce mutumin da zai yarda ya faɗi don kada ya kunyata yayana, zai iya riƙe ni." Sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko cikin sati uku, ta ce, "Shekara goma sha tara ka iya, yini ɗaya ne ya gagare ka?"

Ta ɗauki bokitinta, ta ce in Juma'a ta wuce san nan yana turken nan, ita za ta kwance shi ta ja shi da kanta, in Yaya ya ƙi karɓar sa ai ba zai ƙi karɓar ƙanwarsa ba.

Yau Laraba. Don girman Allah malamai da manyan da ke zauren nan ku gaya mini, in je in zauna in faɗi, in ɗauki zunubin zama na biyu da raini na har abada, san ya koma gida? Ko in gaya masa gaskiya in wanke kaina a wajen Allah, in karya dattijon da ya ba ni aure? Ko akwai wata hanya da idona ya rufe ban gani ba? Masu cewa in sayar da san a Mai'adua in aika masa kuɗin, na riga na yi tunaninta, a fuska zai watso mini. Masu zagi kuma ku huta, babu abin da za ku faɗa da ban faɗa wa kaina ba. Ni da nake hangen turi biyar a gaba, yau ga ni zaune na rasa gurbi ɗaya da zan tura ba a ci ni ba, kuma saura kwana biyu.